Kabarin Dogo a Gandun Daji

"Lafiya lau, mijin banza. Sai yanzu? Rana ta take, kana can kana gyaran hula."

"Haba amarya, ko gaisuwar ba ki bari na ƙare ba. Ina kika taɓa jin miji ya yi sammako don ya kai matarsa wurin tsohon saurayinta?"

Andarawus ke nan, tela a kasuwar Kwantagora, da kakarsa Lahadi. Tun da gwamnati ta tashi ƙauyensu na bayan Kaboji ta mai da wurin gandun daji, tsohuwar ba ta ƙara ganin kabarin mijinta Dogo ba, alhali ta yi masa alkawarin kusa da shi za a kwantar da ita. Ga tari ya ci ƙirjinta tun damina, ta kuwa san abin da ta sani. Shi ya sa ta tasa jikan a gaba suka hau babbar mota.

A bakin gandun wani mai gadi cikin kaki ya tare su. "Ba a tsinkar ganye, ba a fita da ko tsinke. Kafin la'asar ku fito."

"Ɗan nan," in ji Lahadi, "in mutumin nan wurin ya mutu, ana kawo shi ciki?"

"A'a, Iya. Nan gidan namun daji ne."

Wai gidan namun daji! Inda aka binne cibiyarta, inda ta haifi 'ya'yanta kaf. Ta wuce ciki abinta.

Suna isa kufai suka tarar da garken gwaggon biri zaune bisa rusasshen rumbunta.

"Ga dangin mijinki sun fito tarya," in ji Andarawus.

"Duba da kyau. Mai ƙaton goshin can kai ya ɗebo sak."

"Ni da 'yan matan Kwantagora ke layi a kaina? Taimakonki nake yi da nake zaune da ke, ba haƙori ba gashi."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Dogo shi kaɗai ya nome nan har rafi. Kai allura ma sai ka yi nishi."

"To ya tashi mana mu gwada ƙwanji."

"Rufe mini baki! Hular nan taka ta fi abin da ke ƙarƙashinta daraja."

A gindin ɗorawa ta gane dutsen niƙan da ta aza bisa kabarin da hannunta. Ta durƙusa, ta share ganye.

"Dogo, ni ce. Na zo in gaya maka ba zan zo ba. Ba ni na karya alkawari ba, birai aka ba gadonmu. Can birni za su sa ni, cikin baƙi."

Ta kife kai bisa dutsen ta yi kuka mai isarta. Motsin Andarawus kawai take ji a bayanta.

Da za su fita mai gadi ya kwance ƙunshinta, ya zazzage, ya ce su wuce. Sai da suka yi nisa ta ga ƙasa na zubo wa jikan ta bayan kunne.

"Kai kuma ƙazami, me ke zuba daga kanka?"

Ya cire hular a hankali, ya miƙa mata hannu bibbiyu. Cike take da jar ƙasar kabarin.

"Ga mijinki nan, na ɗauko miki shi. Na sallama, Kaka, ya fi ni. Ran da kika tashi tafiya, ni zan shimfiɗa miki ita da hannuna."

Lahadi ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "Yau dai abin kirki ya fito daga kan nan."

Ta juye ƙasar a bakin zanenta ta ƙulle tam, ta karkaɗe hular a ciki don kada ko kaɗan ta salwanta.