Ranar da Aka Ƙaddamar da Gwangwanin Auta

Jiya manya suka zo har ƙofar gidana suka ƙaddamar da gwangwanin 'yata, kuma har yanzu ban gama godiya ba.

Bari in faro muku daga tushe. Famfon layinmu ya shekara biyu yana tari, bai tofar da ko ɗigo ba, don haka a gidana bokiti ɗaya aiki uku yake yi. Idan uwar yara ta gama ɗaurayar ƙarshe, ba a zubar da ruwan. Na samo tsofaffin gwangwanayen madara na huda gindinsu da ƙusa, na yanke robobin lemo na jera a jikin katanga, wannan yana zuba wa wancan, na ƙarshe ya tsiyaye a gindin tumatir. Auta, mai shekara huɗu, ita ce mai zubawa da ludayi. Ita da ƙawayenta su jiƙe sharkaf suna ihu, tumatir ya sha nasa.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ya ɗauki hoton abin ya sa a waya. Shekaranjiya sai ga jami'i da takarda a hammata.

"Malam, wa ya ba ka izinin wannan aiki na raya muhalli?"

"Ranka ya daɗe, gwangwani ne fa."

"Shiri ne," in ji shi. "Namu ne ma, tun bara yake cikin tsari. Gobe Mai Girma Uban Tsare-tsare zai zo ya buɗe."

Maƙwabcina mai facin taya ya leƙo ta katanga ya ce, "Kai ka dace. Rijiyar burtsatsen da aka yi mana alkawari, sau uku ana buɗe ta, har yau ba a haƙa ba."

Jiya tun da hantsi aka kafa rumfa da lasifika, motoci bakwai suka jeru. Har da tankar ruwa, wadda rabonmu da ganin irinta an manta. Matan layi suka fito da jarkoki a guje, aka ce su koma, wannan ruwan na taro ne. Da shi aka wanke titi da tayoyin motoci.

Da aka zuba ragowar a gwangwanaye don gwaji, jami'in ya haɗe gira.

"Yoyo yake yi."

"Aikinsa ke nan, ranka ya daɗe."

"Ba za a nuna wa Mai Girma abu mai yoyo ba."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ban da ranar da ya yi baƙi masu takarda. Aka kira maƙwabcina, ya liƙe kowace huda tsaf, don mutum ne mai tsoron Allah a sana'arsa.

Auta kuwa aka zaunar da ita a kujerar gaba da ludayinta, aka ce kada ta taɓa ruwa, za ta ɓata hoto. Lokaci-lokaci sai ta waiwayo: "Baba, yanzu?" In ce saura kaɗan. Sau tara na faɗi haka, kuma gaskiya raina ya ɓaci, don ban saba yi mata ƙarya ba.

Sai bayan la'asar Mai Girma ya iso. Ya sanar da mu cewa ruwa shi ne rayuwa, yara kuma manyan gobe, abin da ba mu taɓa sani ba. Ya yanke ƙyalle, ya karɓi ludayin daga hannun Auta, ya zuba. Ruwa ya tsaya cak. Aka yi tafi raf-raf. Abin ya burge shi ƙwarai, har ya ba da umarni a cire shi daga katanga a kai ofis, baƙi su riƙa ganin ci gaba. Aka loda a mota, har da ludayin.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙusoshin da suka rage a katanga.

"Baba, yaransa ba su da gwangwani ne?"

"Da alama, uwata."

"To a bar musu."

Yau da safe na huda wasu sababbi, amma a bayan ɗaki, inda ba a gani daga titi, na kuma roƙi yara su riƙa dariya a hankali. Ku ma, in gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa: duk mai wani abu da ke aiki a gidansa, don Allah kada ya bari labari ya kai sama.