Haƙoran Akuyar Baba Maigadi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Talata da na buɗe bakin akuya a gaban ɗalibai arba'in da baƙi daga Gusau. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai na tashi daga inda nake zaune na ɗan zaga.

Lokacin ina sabon malami a wata sakandare ta jeka-ka-dawo da ke kan hanyar Shinkafi. Labarin ƙasa na karanta, shi aka ɗauke ni in koyar, amma ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya. Wata uku da zuwana na riga na rubuta takardar neman canji sau biyu, kowacce na yaga ta kafin in miƙa. Ina son in tafi, ina kuma son a san da ni kafin in tafi. Ko a ofishin malamai ƙafata ba ta daina kaɗawa, har Malama Hajara mai koyar da ɗinki ta ce da zan ara mata ita, da keken ɗinkinta bai huta ba.

Makarantar tana da ajin kimiyya, da na adabi, da na kasuwanci. Ban da wannan, dole kowane ɗalibi na manyan azuzuwa ya ɗauki darasin sana'a guda: ko ɗinki wurin Malama Hajara, ko kafinta wurin Malam Isiya, ko kiwon dabbobi. Kiwo ya fi kowanne jama'a, don yawancin yaran 'ya'yan dillalan shanu ne da manoma. Sai ga shi malamin kiwon, wani ɗan Moriki, ya nemi canji ya koma kusa da iyalinsa saboda hanya ta yi tsanani. Ajin ya zauna mako biyar babu malami.

A taron malamai shugaban makaranta ya ce, "Masu duba makarantu na nan tahe. In suka iske darasin ga ba malami, soke shi za su yi, yaran ga kuma ba su rubuta shi a jarabawar hita. Wa ka iya riƙe muna shi?"

Ni kaɗai na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, kiwo har wani abu ne? A ba ni."

(A nan ya kamata in faɗa muku gidanmu gidan malamai ne a Kaura Namoda. Mahaifina magatakardan kotu ne, kakana limami. Ko kaza ban taɓa kiwo ba. Rago kuwa ranar jajibirin Salla nake ganinsa, washegari in ci.)

Abin da malamin ya bari a durowa 'yan takardu ne da aka yi wa hoto har rubutun ya dusashe. Da su na yi mako biyu ina cika allo. Yaran suna kwafa, ba sa tambaya, na ɗauka ƙwarewata ce ta ɗaure musu baki. Da aka ce baƙi za su zo Talata, sai na ga rubutun allo bai isa ya nuna ko ni wane ne ba. Na zaɓi darasin gane shekarun dabba ta haƙoranta, na ce a aikace za mu yi. A takardar akwai zanen muƙamuƙi ɗaya da haƙora takwas a jere. Na lura na ƙasa kawai aka zana, na ce a raina mai zanen malalaci ne, ya bar mana mu ƙiyasta na sama.

Na je wurin Baba Maigadi, dattijon da ke tsaron ƙofar makaranta, wanda ke ɗaure 'yan dabbobinsa a bayan ɗakinsa. Na ce ya ara mini akuya.

"Malam, mi za ka yi da ita?"

"Karatu, Baba."

Ya dube ni, ya dubi akuyar, ya kwance ta.

Ranar Talata tun da safe na kasa tsayawa. Na fito da ɗalibai ƙarƙashin darbejiya, na mayar da su aji, na sake fito da su. Ƙarfe goma baƙin suka iso, maza biyu da wata Hajiya mai tabarau, shugaban makaranta na biye da su. (Daga baya na ji Hajiyar aikin likitan dabbobi ta fara yi kafin ta koma harkar ilimi. Da na san haka da safen, da ciwon ciki ya kama ni.)

Na yi gyaran murya na yi bayani: haƙoran nono, famfara, manyan haƙora bibbiyu da ke fitowa shekara-shekara. Hajiya na gyaɗa kai. Kaina ya ƙara girma. Na sa wani ɗalibi mai suna Bello, ɗan wani dillali a kara, kasuwar dabbobi ta Shinkafi, ya riƙe akuyar. Na naɗe hannun riga na buɗe bakinta.

A ƙasa haƙora ƙanana farare, reras. A sama kuwa babu komai, dasashi ne kawai sumul.

Bakina bai jira ni ba.

"To, ku matso ku gani. Wannan akuya ta tsufa tukuf. Haƙoranta na sama duk sun zube, ko ɗaya bai rage ba. A ƙiyasina ta haura shekara goma sha biyu."

Bello ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Sai muryar Baba Maigadi daga bayan taro:

"Malam, wagga akuya da damanar bara aka haihe ta. Gabana."

Nan ne mai hankali zai yi shiru. Ni sai na ce, "To ke nan cuta ce, Baba. Akwai cutar da ke zubar da haƙoran sama. Ya kamata a ware ta."

Hajiya ta cire tabarau ta goge. Cikin ladabi ta ce, "Malam, ko za a kawo wata mu gwada?"

Aka kawo tunkiya. Na buɗe. Babu. Aka kawo bunsuru, ya yi ta turjiya har ya taka mini takalmi. Na buɗe. Babu.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Annoba ce ke nan ta faɗa wa garin?"

Wata yarinya a baya ta fara ƙyalƙyalewa, sai ajin gaba ɗaya ya fashe. Malam Isiya, da ya fito daga ɗakin kafinta da zarto a hannu, ya juya baya ya rungumi bango. Da dariyar ta lafa, Bello ya ɗago ya ce a hankali, kamar mai ba ni haƙuri:

"Malam, ai haka Allah ya yi su. Akuya da tunkiya da saniya ba su da haƙoran gaba na sama. Wagga ko famfara ba ta yi ba."

Na dubi ƙasa ko za ta tsage. Hannuna duk yawun bunsuru, na rasa inda zan goge shi.

Hajiya ta ce Bello ya ƙarasa darasin. Yaron nan ya bi dabbobin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin watannin kowacce, Baba Maigadi na cewa, "Hakanan na." Ni malamin aji ina tsaye gefe riƙe da igiya.

A ofis na jira a ce an soke darasin, ni ma in tattara. Hajiya ta daɗe tana rubutu, sannan ta ce yaran sun san abin da suke yi, zalunci ne a hana su jarabawa saboda ni. Darasi zai ci gaba, da sharaɗin duk Alhamis in bi mahaifin Bello zuwa kara in koyi abin da nake koyarwa. Da zan fita, shugaban makaranta ya ce: "Malam, ka wanke hannu."

Zango biyu na yi ina zuwa kara. Labari ya riga ni isa, don ranar farko ina sallama wani dillali ya ɗaga murya: "Ku buɗe hanya, ga Malam Haƙoran Sama!" Sunan ya bi ni har Zurmi, inda nake koyarwa yanzu, kiwon dabbobin kuma nake koyarwa, na iya shi daidai gwargwado.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in na ga wani ba shi da wani abu, ba na saurin cewa ya zube masa. Sai na fara leƙa bakin maƙwabcinsa, a ɓoye, ba a gaban baƙi ba.