Ranar da na tashi da benci

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je duba wa yarana ajin Ingilishi ba, na dawo gida ina raɓe-raɓe a jikin katangun mutane.

Mai gidana, Baban Rakiya, ne ya kawo maganar. Ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Ikko, sai da sallah muke ganinsa, wata sallar ma sai dai muryarsa a waya. Rannan ya kira ya ce, "Ki samo ma ɗiyan nan inda za su koyi Ingilishi. In Allah ya sa na samu ɗaki na ɗauko ku, kada su zo nan su zama kurame." A lakwal ɗinmu na Dogon Dutsi, wato makarantun boko, Faransanci ake yi, Ingilishi sai yaro ya shiga kolej, Rakiya da ƙanenta Sani kuwa duk suna firamare. Ni dai a cikin maganarsa duka "na ɗauko ku" ne ya zauna mini. Na yini ina juya shi a raina ina taka keken ɗinki.

Ya kamata ku san cewa ni ma na taɓa Ingilishi. A kolej babu darasin da nake so kamarsa. Sai ciwon innarmu ya mayar da ni ƙauyenmu Kiyeshe jinya, da niyyar damina ɗaya, ban sake komawa aji ba. Don haka da aka ce a zaɓi malami, na ɗauki kaina a matsayin wadda ta san kan abin.

Na fara da wani mushe, wato malamin boko, mai rumfa kusa da tasha. Yara cunkus, suna ta ihun kalma ɗaya, shi kuma dorina a hannu. Na ce a'a. Na biyu saurayi ne, ya kunna wa yara muryar wani Bature mai magana ta hanci a waya, shi yana bakin ƙofa yana shan shayi. Kafin mu fita Sani ya yi barci.

Sai wata da nake yi wa ɗinki ta ce in gwada Madam Lidiya, can wajen mishan, wadda ta yi karatu a Jos take koyar da yara a zauren gidanta. Na ci ado da atamfata ta fita biki, na ɗaure fuska kamar sufeton makarantu, na tasa yaran a gaba.

Madam ta tarbe mu da fara'a, ta zaunar da su a layin gaba. Ta ce, "Maman Rakiya, bari in ɗauko miki kujera daga ciki."

Na ce, "A'a, bar shi, nan ma ya isa."

Nan ɗin kuwa irin bencin nan ne na 'yan lakwal da aka haɗe da teburinsa. Rabona da shiga irinsa tun ina siririya kamar karan gero (wanda ya san ni yanzu ya san Allah ya yi mini buɗi ta ko'ina). Na riƙe numfashi, na cusa kaina kusa da wasu 'yan mata biyu ƙanana.

Da aka fara darasi sai na manta abin da ya kawo ni. Ƙamshin alli, ƙarar ƙananan alluna, muryoyin yara suna maimaitawa tare, duk suka mayar da ni baya. Na ga kaina da kitson kalaba, tawada a yatsa, innarmu da ranta tana jirana da fura a gida. Idona har ya kawo ruwa.

Madam ta zana lema a allo, ta tambayi sunanta da Ingilishi. Babu wanda ya ɗaga hannu. Ni kuwa na san ta! Kalmar da na fi so ce a da, saboda yadda take birgima a harshe. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba, ina ƙyasta yatsu ina cewa, "Muwa madam! Muwa!" wato "Ni! Ni!" irin na 'yan lakwal.

Duk kawuna suka juyo. Madam ta yi murmushi ta ce, "To, Maman Rakiya."

A zamaninmu ba a ba malami amsa a zaune. Na miƙe da ƙarfina, benci da tebur suka miƙe tare da ni. 'Yan matan nan biyu suka zame suka zube ƙasa, alluna suka tarwatse, gyaɗar da ɗaya ta ɓoye ta watse har gaban aji. Ga ni a tsaye a duƙe, benci maƙale a ƙuguna kamar jakin da aka ɗora wa mangala.

Baiwar Allah ta so ta rufa mini asiri. Ta yi kamar ba ta ga komai ba, ta ce, "Muna jin ki."

Na buɗe baki, kalma ta gudu. Na laluba ko'ina a kaina, babu ita. Abin da ya fito shi ne, "Parapuli."

Sani, ɗan da na haifa da cikina, ya ce da ƙarfi, "Inna, wannan ai Faransanci ne!"

Zaure ya ɗauki dariya. Rakiya ta ja hijabi ta rufe fuska. Sai da Madam ta danne tebur, wata maƙwabciyarta da hayaniya ta jawo ta kama hannuwana ta ja, sannan na fito, ƙusa ta tafi da rabonta na atamfa.

A hanya na ce wa yaran gobe mu koma wajen mai shayi, ai shi ma ba laifi. Rakiya ta ce, "Inna, mu can muke so. Kowa ya yi dariya, Madam ba ta yi ba." Na san ta fi ni gaskiya. Can na sa su, sai dai in na raka su daga bakin lungu nake juyowa.

Da na ba babansu labari a waya, ya yi dariya har da tari. Ina jin ƙarar motocin Ikko a bayansa. Can ya ce, "Kai, da ina nan." Na ce, "Da kana nan ai da kai ka je." Babu wanda ya so ya fara kashe waya.

Har yau ɗakin bai samu ba. Yaran suna dawowa da sababbin kalmomi, ina sa su maimaita mini a bakin keke, wai ina duba ko sun iya, alhali ni nake kwashewa.

Abin da na koya dai shi ne, zuciya ba ta san ta girma ba, amma ƙugu ya sani. In mai gida ta ce za ta ɗauko miki kujera, ki yi godiya ki jira.