Wasiyyata a Gindin Dutse

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a ƙasar Turawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati tana ta kwasar ma'aikata tana turawa kwas. Ni ma aka tura ni London karatun aikin ruwa. Na tafi da matata Hajara da 'yarmu Asabe, muka kama gidan haya a unguwar Whitechapel. Wata shida ba ni da motsi sai daga tube, wato jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, zuwa aji, daga aji zuwa tube, ga burodi da bota safe da yamma. Tumbi ya fito, numfashi ya fara yi mini wuya. Likitan da na gani a Marylebone ya auna jinina ya girgiza kai. Ya ce in ban fara tafiyar ƙasa kullum ba, zai rubuta wa ofishinmu a mayar da ni gida, kwas ɗin ma a haƙura.

Ana cikin haka aka rarraba mu wuraren koyon aiki. Ni da Danladi, abokin karatuna mutumin Pankshin, aka jefa mu wani ɗan gari cikin duwatsun Wales, mu yi wata uku a madatsar ruwa. Hajara ta zauna a London saboda makarantar Asabe.

Garin nan ya gajiyar da ni. Ba hanya ko ɗaya da take a kwance. Za ka sayo madara, hawa. Za ka gidan waya, hawa. (Har yau ban gane yadda mutum zai hau wajen tafiya, kuma ya sake hawa wajen dawowa ba.) Ga yayyafi ba ya yankewa, ga iska mai ratsa ƙashi. Danladi kuwa kamar an mayar da shi ƙauyensu, har fito yake yi a kan hanya. Ni na koma bin bas ko da tafiyar minti biyar ce, amma duk mako sai na rubuta wa Hajara cewa mil biyar nake takawa kowace safiya.

Mai gidan da muke haya, Misis Evans, tsohuwar nas ce da ta haura saba'in, kuma tana cikin ƙungiyar tsofaffi masu hawan dutse ran Asabar. Da ta gayyace mu, bakina ya riga hankalina. Na ce mata a Kano muna da Dala, tun ina yaro a guje nake hawansa.

Danladi ya dube ni ya ce, "Malam, Dala fa tudu ne."

Na ce masa hassada ce kawai irin ta mutanen Filato.

Ranar na fito cikin kwat da nektai, da wando mai faɗin ƙafa, da takalmi mai tudu wanda ake yayi a lokacin. Tsofaffin nan, kowa da sandarsa da takalmi mai kauri, suka kalle ni daga sama har ƙasa.

Na shige gaba da sauri don su ga jarumta. Minti goma, gumi. Minti ashirin, ƙirjina kamar ana daka a ciki, idona yana ganin duhu-duhu. Maganar likita ta faɗo mini. Na zube a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, na ce shi ke nan, kwana ya ƙare.

Na kama hannun Danladi. "Ɗan'uwa, tawa ta zo. Kada ka bari a binne ni a nan, ka nemo Musulmin London su yi mini sutura. Ka ce wa Hajara ta yafe mini. Mil biyar ɗin nan ƙarya ce, bas nake hawa."

Na shiga kalmar shahada da ƙarfi.

Misis Evans ta durƙusa ta riƙe wuyan hannuna, ta sassauta mini nektai, ta ba ni shayi daga filas. Sannan ta ce a hankali, "Ba abin da ya same ka, haki ne kawai. Amma gara ka koma ka huta, don ba mu fara hawan ba tukuna. Ka ga ƙofar katakon can? Daga ita dutsen ya fara."

Na ɗaga kai. Ashe a bayan gidan wani manomi muke, shanyarsa ma tana kaɗawa kusa da kaina.

Manomin ne ya dawo da ni gari a bayan tarakta, tare da tumaki huɗu da zai kai kasuwa. (E, ranar kasuwa ce. Ba wanda bai gan ni ba.)

Danladi mutum ne mai riƙon amana. Da muka je London ƙarshen wata, bai ko gama shan ruwa ba ya isar da wasiyyata kalma kalma, duk da ina zaune kusa da shi da raina.

Hajara ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baban Asabe, na yafe. Amma gobe a ƙasa za ka raka ni kasuwa, kai za ka riƙe kwando."

Da na koma, na fara daga shagon madara, a bayan Misis Evans, ina haki tana jira na. Ban taɓa kai ƙolin dutsen nan ba, amma jinin ya sauka har likita ya bar ni na gama kwas.

Tun daga ranar, in na ji kamar mutuwa ta zo, nakan zauna in sha ruwa tukuna, in tabbatar ita ce kafin in fara tona asirin kaina.