Haihuwar da Ba Ta Jira Sista Ba

Ku bar ni da ma'aikatan nan, wallahi wani abin sai su! Kun san Zuwaira, 'yar wan babana da ta gama makarantar ungozoma bara? To, tura ta aka yi wani ƙaramin asibitin ƙauye, a wani shiri na horar da sababbin ungozoma. Wai kowace sabuwa sai an haɗa ta da tsohuwar hannu, kuma ba ta da ikon karɓar haihuwa sai babbar na tsaye a kanta. In ta saɓa, aikin da take sa rai ya bi ruwa. Ita kuwa tata babbar, Sista Larai, ganinta sai mai tsananin rabo: yau bita a birni, gobe taro a otal, duk a kan illar barin sabuwar ungozoma ita kaɗai.

Ranar kasuwa da hantsi, sai ga wata mata an kawo a ɗan sahu, faya ta riga ta fashe. Zuwaira ta yi ta kiran Sista har ta gaji, waya a kashe. Baiwar Allah ta yi bisimilla ta zura safar hannu. Allah ya dafa mata, yaro ya faɗo lafiya lau, ta yanke cibi, ta gyara uwar tsaf.

Sai bayan la'asar ga Sista, rataye da sabuwar jakar bita, tana sakace haƙori. Tana jin kukan jariri ta haɗe rai.

"Ke Zuwaira! Da izinin wa kika karɓi haihuwa?"

"Ki yi haƙuri, Sista, kai ya riga ya leƙo. Na yi ta kiran wayarki…"

"Rufe min baki! Yanzun nan aka gama jaddada mana, haihuwar da ba a yi a gabana ba, ba haihuwa ba ce. Gobe da sassafe zan kai ƙararki."

Yarinyar nan idanunta suka kawo ruwa, abin tausayi. Mai jego, wadda tun ɗazu take kishingiɗe tana kurɓar kunun kanwa, ta ajiye kofi, ta miƙo jaririn.

"Haba Sista, abin bai kai ga ƙara ba. Ungo shi, mayar min da shi ciki, ki gyara tsayuwa mu sake."