Gwabzawar Malam Sallau da Kunkurun Tsibiri

Da sunan Mahaliccin tudu da teku muke buɗe tarihin Malam Sallau Mai Hoto, ɗan Jatau, jikan Barau, sadaukin Tudun Wadan Gusau, dodon masu ƙifta ido, gwarzon da ya shekara talatin yana miƙe wuyan bayin Allah a gaban labulen shagonsa, labulen nan mai zanen teku da itatuwan kwakwa.

Asalin fitinar kuwa maƙwabcinsa ne, Ilu Tela, wanda ya ce a gaban majalisa wai Malam bai taɓa ɗaukar abin da ba a zaunar masa a kujera ba, kuma ko Funtuwa bai taɓa wucewa ba. Maganar ta yi wa Malam ciwo ƙwarai. Ya yi rantsuwa, ya bi surukinsa Hashimu, ma'aikacin jirgin ruwa, ya kwana uku yana amai cikin izza da haiba, har suka sauka wani tsibiri can ƙuryar teku.

Nan rundunar maƙiya ta bayyana: kunkuru guda, ƙato kamar an kife ƙwarya, yana kiwonsa.

Sadauki ya zare kyamara, ya dubi bayan abokin gaba, sai ya ga tekun duk ciyayi, kwakwar ma a karkace. Ransa ya ƙi. Shi da bai taɓa ɗaukar hoto ba labule ba, yau zai fara? Ya kwance ƙunshinsa, ya zaro labulen shagonsa da ya taho da shi.

"Baba, ga fa tekun Allah nan," in ji Hashimu.

"Kai dai riƙe nan. Kai ka san aikin ko ni?"

Aka gwabza tun hantsi. Kunkuru ya yi gabas, labule ya tare shi, ya yi yamma, Hashimu ya ci ƙasa, kunkuru ya shige ƙoƙonsa, Malam ya durƙusa yana ruri, "Ɗago kai! Kalli nan!" Sai gab da la'asar maƙiyi ya leƙo, aka ɗauke shi ɗauka ɗaya tak, domin maimaitawa aikin 'yan koyo ne.

Ranar da aka dawo da ganima, majalisa ta cika maƙil. Ilu ya karɓi hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya waiga ya leƙa cikin shago.

"Malam, ai labulenka ne wannan. Ga ma facin da na yi maka. Kunkurun wa ka aro?"