Rasuwar Faifan Da Ke Ɗauke Da Muryar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Auta, a madadin yayyena, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Faifan Sidi (CD), wanda ya cika ranar Talata da rana a kan teburin mai gyaran rediyo, bayan doguwar jinya. Shi kaɗai ne a duniya yake ɗauke da muryar mahaifiyarmu.

Kawu ne ya ɗauki muryar ba da saninta ba, wata rana tana zaune a bakin keken ɗinki, aka ɗora a faifan. Babu wasiyya a ciki, babu wata hikima. Ƙarar keke ce, da faɗan wanda ya ɗauke mata almakashi, da dariya, sai can ƙarshe inda take kirana in kawo mata zare.

Marigayin mai haƙuri ne da riƙon amana. Duk abin da ya sani yana ajiye ne a wasu 'yan ramuka da ido ba ya gani, a jere bisa layi ɗaya da ya naɗe daga cibiya zuwa baki. Wani siririn haske ne ke bin layin yana karantawa. Allura ba ta taɓa shi, shi ya sa muka ɗauka ba ya tsufa. Kowa ya ce zai kwafe shi a waya, kowa kuma ya zaci ɗan'uwansa ya riga ya yi.

Mun ji da fuskarsa mai sheƙi kamar ƙwai. A hura mata iska, a goge da gefen zane, yaro ya taɓa ya sha ranƙwashi. In za a ajiye shi, sai a kwantar da shi ta baya don kada fuskar ta karce. Yaya Babba, don ƙauna, har hoton Inna ta manna masa a bayan da gam. Sai a asibiti mai gyara ya gaya mana cewa fuskar roba ce mai kauri, ko ta karce ana iya gogewa. Maganar tana can dab da bayan, fenti kawai ya rufe ta. Da hoton ya fara ɓamɓarewa, da muryar yake tafiya. Garin gyaran gira muka rasa ido.

Ciwon daga baki ya kama, don haka ƙarshen magana ya fara ci. Da fari in'ina ce: "Ke Auta, kawo min za… za… za…" Daga baya ya daina kaiwa ga sunana, iyakarsa faɗan almakashi. A makon jiya sai juyi kawai yake, shuu, ƙis, shuu. Na ɗaga shi a taga, na ga rana tana ratsowa ta jikinsa.

Ya bar gidansa na roba mai tsagaggen murfi, da na'urar da ke juya shi, wadda har yanzu take zaro harshe tana jira, da mu biyar. Yaya Babba ta daina ɗaga waya. Muna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya yi mata zancen gam.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da hantsi a ɗakin Inna. Za a naɗe shi a ƙyallen da ta bari ba ta gama ɗinkawa ba, a sa shi a aljihun keken. Ba a bukatar kujeru ko lasifika. Amma akwai yadda take jan sunan nan nawa, ta ɗaga shi sannan ta sake shi, jiya na gwada a raina har sau nawa bai fito daidai ba, kuma tsoro ya kama ni. Duk wanda ya san zai iya kwaikwayonta, don Allah ya zo da wuri, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kira ni.